Fuskar mahayin da ta kai ni Bukuru

Kwalin ya iso hannuna a makon farko na Disamba, bayan ya shafe kusan wata biyu a hanya. A shagona na gyaran waya da ke kusa da Terminus a Jos na buɗe shi, bayan na sallami mutum na ƙarshe na saya ƙofa. Cikinsa soso ne da leda, a tsakaninsu kuma gutsattsari 27 masu launin toka, ciki har da gangar jikin doki rabi biyu, ƙafafu huɗu kowace daban, wutsiya, mahayi ba kai ba hannu, kan nasa a wata 'yar leda shi kaɗai, sai garkuwa da takobi da wani mashi da ya lanƙwashe kamar baka. Babu takardar bayani, sai hoto ɗaya na yadda abin zai kasance in an gama. Na jera su a kan tebur ina kallo har aka kira sallar isha'i.

Ga wanda bai saba da harkar ba, haka ake sayar da irin waɗannan mutum-mutumin na ajiya: a gutsuttsure, ba fenti. Mai sassaƙa zai ƙera na asali, a yi masa mazubi na roba mai laushi, a riƙa zuba ruwan rezin a ciki yana daskarewa. Mazubin ba ya daɗewa yake lalacewa, shi ya sa ba a fitar da su da yawa, shi ya sa kuma suke tsada. A Japan abin ya fi ƙarfi, har suna da babbar kasuwar baje koli mai suna Wonder Festival da ake ci sau biyu a shekara a Chiba. Na mayaƙan tarihi kuwa an fi sanin Italiya da Sifen da su. Nawa mahayin Mamluk ne, cikin mayaƙan da suka mulki Masar daga 1250 zuwa 1517, an yi shi a ma'aunin 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman mutum.

Ba Masar ce ta ja ni gare shi ba, sulken jikinsa ne. Ina yaro a Zariya muke yin sallah wurin kakata, kuma ba abin da nake jira a ranar hawa kamar wucewar 'yan sulke da 'yan lifidi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, tsakanin 1390 da 1410, aka fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke a Kano. Da na ga hoton wannan mahayi a intanet, doki ya ɗaga ƙafafun gaba, sulke ya zubo har gwiwa, sai na ga mutanen da na sani. Na ƙudurta cewa da launukan hawan sallah za a fente shi, fatarsa kuma irin tamu.

Tun kafin kwalin ya iso na tuntuɓi wani matashi a Abuja da ya mai da fentin irin waɗannan abubuwa sana'a. Na ga ayyukansa a Instagram, kuma gaskiya hannunsa ya faɗa. Ya yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye: kuɗin aikinsa ya kusa ninka kuɗin kayan sau uku, rabi kafin ya fara, akwai mutane a gabana don haka sai na jira wata huɗu. Bayan haka in an gama, ko in je in ɗauko da kaina, ko a ba direba a tasha ya biyo da shi ta Keffi da Akwanga, abin da ya karye a hanya kuma ba ruwansa. Na yi lissafi na ce ai shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ƙarfen soda ina ɗaga abubuwan da ba su kai ƙwayar gero ba a allon waya. Na ce zan gwada.

Sayayya ta fara. 'Yar bindigar feshi mai allura 0.3 da ƙaramin kwamfiresa, daga Legas aka turo. Ƙananan kwalaben fentin ruwa na Vallejo guda goma. Burushi uku, ɗaya mai tsini kamar gashin ido. Samfefa lamba 400 da 600 da 1000, sufa gulu, gam mai haɗi biyu, filar cike ramuka, tef na takarda, takunkumi mai matata. Faraima, wato fentin share fage da ake fara shafawa, wadda masu wannan harka suke yabo ita ce Mr. Surfacer, amma ban same ta ba, don tana cikin kayan da ke kama wuta, ba a cika yarda a ɗora su a jirgi ba. Sai na gangara Dilimi wurin wani mai fentin mota da nake gyara wa waya, ya tsiyaya mini tasu ta mota a wata kwalba, ya ce, "Maigida, wannan ta yi kauri ga abin da kake so. Ka tsinka ta da tina sosai har ta koma kamar madara, in ba haka ba za ta cinye maka duk zanen jiki." Kafin in ɗiga fenti ko ɗigo ɗaya, abin da na kashe ya haura rabin kuɗin da mutumin Abuja ya nema.

Kuskuren farko na ɗoki ne. Masu zuba rezin suna shafa wa mazubi wani maiƙo don abin ya fita salin-alin, maiƙon kuma yana biyo kayan, ba ka ganinsa da ido. Na karanta cewa a wanke, amma na ɗauraye sama-sama na wuce. Na fesa wa garkuwa faraima, na bi da ja, na liƙa tef don in fitar da zanen gefe. Da na ɗaga tef ɗin sai fentin ya biyo shi gaba ɗaya kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Ranar ban ƙara taɓa komai ba. Washegari na zuba gutsattsarin duka a roba da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, na bi kowane lungu da tsohon burushin haƙori, har sai da ruwa ya daina tsayawa ɗigo-ɗigo a jikinsu ya riƙa kwanciya. Wannan ita ce alamar maiƙon ya fita.

Daga nan aka shiga aikin da ba wanda yake sa hotonsa a intanet. Inda rabin mazubi biyu suka haɗu akwai siririn layi da ya zagaye kowane gutsure, sai an kankare shi da bayan reza an bi da samfefa. Ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu, don haka a jiƙe nake gogewa, ga takunkumi a fuska. Akwai ƙananan ramuka da kumfar iska ta bari, har da ɗaya a kan hancin doki, na cike su da fila. Mashin da ya lanƙwashe na tsoma a ruwan zafi, ya yi laushi, na miƙar da shi a kan gilashin tebur na danna shi a ruwan sanyi ya tsaya cak. Gam kaɗai ba ya riƙe manyan gutsattsari, sai an huda ɓangarorin biyu an sa ƙarfe a tsakani. Dokin nan a kan ƙafafun baya biyu yake tsaye, nauyin komai a kansu, rezin kuwa in ya daɗe a wuri mai ɗumi yakan saki a hankali. Na je wurin mai gyaran keke na karɓi sifok biyu, na huda ƙafafun tun daga kofato har cinya, na zura su, na bar tsininsu ya nutse a katakon da zai tsaya a kai. A wannan ɓangaren sana'ata ta yi mini rana ƙwarai. Mako uku na yi ina wannan aiki kowane dare.

Sai hunturu ya nuna mini halinsa. Jos tana kan tudun da ya haura mita 1,200, kuma duk ɗan garin ya san yadda iskar Janairu take busar da leɓe. Haka take busar da fenti. Na fesa farin farko a rigar mahayi, na shafa yatsa bayan ya bushe sai na ji kaushi kamar samfefa: fentin ya bushe a iska kafin ya sauka. Bakin allurar ma kowane minti biyu sai ya toshe. Ga ƙura, wadda in ka bar abu a buɗe ka juya baya sai ka tarar ta zauna a kai. Da gwaji a kan cokulan roba na gano yadda zan yi. Na rage ƙarfin iska, na ƙara tsinka fentin, na matso da hannu kusa. Nakan yayyafa ruwa a daɓen shago kafin in fara, ba na feshi sai bayan isha'i da zirga-zirga ta lafa, ina gamawa kuma in kife babbar roba a kan abin. Na burushi kuwa, na sami robar abinci mai murfi, na shimfiɗa jiƙaƙƙen soso da takardar gashin kek a kai, a nan nake haɗa launi, sai ya kwana bai bushe ba. Ranakun da aka ɗauke wuta kwamfiresa ba ya aiki, sai in koma burushi da fitilar goshi.

Dokin shi ne inda na fara jin daɗin abin. Bikili nake so, jan doki mai baƙar geza da wutsiya, irin wanda ƙanin kakata yake hawa. Na fesa masa ruwan ƙasa mai haske ya kwana biyu, sannan na shafe shi da fentin mai, ja mai duhu irin na jar ƙasa, na ɗauki guntun soso ina gogewa a hankali daga wuraren da suka taso. Inda tsoka ta kumbura haske ya fito, inda ta lotsa duhun ya zauna. Na tsaya na dubi cinyarsa, ga jijiya ta bayyana kamar dokin ya sha gudu. Ban san sanda na ce "Masha Allah" da ƙarfi ni kaɗai a shago ba. Sulken ma bai ba ni wuya ba: baƙi a ƙasa, sannan burushi da ɗan launin ƙarfe wanda aka goge a tsumma har ya kusa bushewa, a riƙa shafawa sama-sama, kowace zobe ta ɗauki haske ramukan su zauna baƙi. Kayan sirdi kuwa sau huɗu ina sake haɗa jan, don wanda ke cikin kwalba ya yi ɗanye da yawa. Wanda nake tunawa ja ne da ya sha rana, ya ɗan ja baya zuwa launin goro. Ba ni da hotonsa da zan tura wa kowa, a kaina yake, sai da na gan shi a kan soso na gane shi.

Fuska ce ta ƙi.

Kan mahayin bai wuce girman babban ɗan yatsa ba. Karon farko na yi fatar da ruwan ƙasa mai duhu, na haskaka goshi da kumatu ta hanyar ƙara fari, sai ya fito furu-furu kamar yaron da bai shafa mai ba da sanyin safiya. Idanun kuma suka zazzaro, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon ƙasa. Na jiƙa shi a sifirit na wanke. Karo na biyu fatar ta ɗan gyaru amma ta zama launi ɗaya shafal, ba rai. Na uku na yi ta ɗora fenti a kan fenti har fatar ido ta toshe. Da na wanke a karo na uku na lura gefen gashin baki ya fara dushewa saboda gurza. In na ci gaba zan lalata abin da ba ni da madadinsa, don kai ɗaya ne a kwalin. Na nannaɗe shi a auduga na ajiye a aljihun tebur, ya yi kwana goma sha biyu a nan. Doki a tsaye, sulke na ƙyalli, wuya ba kai.

Wata mata da ta kawo gyaran waya ce ta ga dokin ta tambaya. Da na ba ta labari sai ta ce akwai wani dattijo a Bukuru, kusa da Jos, da ke gyara wa majami'u mutum-mutuminsu na filasta, in hannu ya karye ko fenti ya koɗe shi ake kai wa. Ranar Asabar na hau mota na je. Na same shi a wata rumfar kwano a bayan gidansa, tsoho ne siriri, tabarau biyu a rataye a wuya.

Na durƙusa na gaishe shi. "Baba, ina wuni. An ce in zo wurinka da wata 'yar matsala."

"Lafiya lau, ɗana. Zauna. Mu ga matsalar."

Ya kafe kan a tsinken tsire, ya fita da shi hasken rana, ya juya shi ya fi minti biyar bai ce uffan ba. Sannan ya ce in nuna masa hotunan gwajin da na yi. Ya duba ya ce, "Ka sa fari a ido." Na ce ai farin ido fari ne, Baba. Sai ya cire tabarau ya matso da fuskarsa dab da tawa ya ce, "Duba nawa da kyau. Ina farin?" Na duba. Ruwan madara ne mai ɗan toka, da ɗan ja a kusurwa, fatar ido ta sama kuma ta rufe saman ƙwayar. Ya ce in ƙwayar ido ta fito zagaye cif, fari ya kewaye ta, mutum firgitacce ka zana. Game da fata ya ce baƙar fata ba a haskaka ta da fari, da rawaya mai ruwan ƙasa da ɗan ja ake yi, inuwarta kuma ba baƙi ba ne, shuɗi ne ko shunayya a cikin ruwan ƙasa. Shekara nawa ina kallon fuskokin mutanena, sai a rumfar nan na gan su.

Muka yi ciniki a kan kai da hannaye biyu. Abin da ya nema bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin mutumin Abuja ba, ya kuma faɗi dalili da kansa. Ya ce, "Ka riga ka yi wahalar. Mutane suna zaton fenti suke biya. Rabin kuɗin na samfefa ne." Da fentin mai yake aiki, wanda yake ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, don haka ya ce in ba shi mako biyu. Na roƙe shi ya bar ni in zauna in kalla, ya ce bismilla. Asabar biyu na yi a gefensa. Fentin da yake ɗauka a bakin burushi bai kai kan allura ba. Zai ɗiga a kumatu, ya ɗauki wani busasshen burushi ya riƙa dangwalawa har launin ya narke cikin na kusa da shi, ba ka ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. In zai yi ido yakan haɗa gindin tafukansa biyu ya dafa gwiwar hannu a tebur, ya riƙe numfashi. Ido na hagu ya fara yi, ya ce shi ya fi wuya ga mai hannun dama, gara a gama da shi sannan a daidaita ɗayan da shi.

A zuwa na biyu na kai masa dokin ya gani. Ya yaba launin, ya tambayi yadda na yi, na ji daɗi har cikin raina. Sannan ya kifa shi ya nuna mini ƙarƙashin ciki, inda na bar layin haɗi ban goge ba don na ɗauka ba mai leƙawa. Ya ce, "Kai ka san yana nan." Na koma na kankare wurin na sake fentinsa, aikin dare uku.

Idan wani ya tambaye ni yau ko ya yi da kansa ko ya ba gwani, abin da nake fara tambayarsa shi ne guda nawa yake nufin mallaka. In guda ɗaya ne mai tsada, burinsa ya gan shi a kabad ya ji daɗi, to ya ba gwani, kada ya ruɗi kansa da cewa yi da kai araha ne. Ni da na tara kuɗin kayan aiki da fentin da na ɓata da na motar Bukuru da ladan Baba, kaɗan ya rage in cim ma kuɗin Abuja, ban sa mako goma sha ɗaya na dare a lissafi ba. Sai dai su yi magana a fili tun farko: launin fata da na kaya da hotuna a hannu, mai sheƙi ake so ko marar sheƙi, a riƙa turo hoto a kowane mataki kafin a rufe da kiliya, wato fentin kariya marar launi na ƙarshe, kuma wa zai ɗauki asara in abu ya karye a mota. Ya kuma nemi ganin fuskokin da mutumin ya taɓa yi daga kusa, don kaya da makamai suna ɓoye rauni, fuska ba ta ɓoyewa. Amma in ya san zai sayi na biyu da na uku, kayan aikin nan sau ɗaya ake sayensu, kuma akwai abin da ba ka iya bayyana wa wani ko nawa za ka biya shi, kamar jan sirdin nan. Abin da ba zan sake yi ba shi ne in koyi fuska a kan kan da ba ni da na biyunsa.

Mahayin a shago yake zaune, cikin akwatin gilashi a saman kanta. Hajiyarmu ta ce ba ta son mutum-mutumi ya kwana a gidanta, na san dalilinta na addini kuma ban ja da ita ba. Masu kawo gyara sukan tsaya su kalla, da yawa su tambaya ko daga waje aka yo shi haka. Nakan ce doki da sulke da sirdi nawa ne, fuska da hannaye na wani dattijo ne a Bukuru.

Bayan sallah na sa wani mai injin buga abubuwa da rezin a Abuja ya fitar mini da kawuna biyar iri ɗaya, masu arha, don koyo kawai. Na sayi fentin mai launi huɗu irin waɗanda na gani a teburin Baba. Yanzu ina kan na uku. Fatar ta fara zama ta mutum, idon dama ma ya zauna, na hagu ne har yanzu yake ɗan hawa sama. Baba ya ce in kai masa ranar da suka daidaita, ba kafin nan ba.